Ƙarfen Yaya da Rumfar Baffa

Kazaure,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Musaddiƙ,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Umma da kowa na gida. Na iso makaranta lafiya, an kuma fara darasi.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan rubuta. Ka san ba na iya ɗaga ido a gabanka balle in yi magana, shi ya sa na bari sai da na dawo. Zan ba Inna Dela mai dafa mana abinci wannan takarda, ita za ta miƙa maka idan ta je gida Roni.

Ranar kasuwa Umma ta aike ni in kai wa Baffa Haladu abinci a rumfarsa ta faci. Ina tsaye a wurin lokacin da abin ya faru, kai ne ba ka gan ni ba. Kuna tsallaken titi ƙarƙashin darbejiya inda ku 'yan acaɓa kuke tsayawa. Tayar abokin aikinka Lauwali ta sace, sai na ga ka kwance wata jaka daga bayan babur ɗinka, ka fito da ƙarfen nan da ka sayo a Kano, ka buɗe ƙafafunsa, ka ɗora wilin a kai. Ka danna dogon hannun, taya ta rabu da wili nan take. Mutane suka taru kamar ana raba wani abu. Ina jin Lauwali yana cewa, "Kai jama'a, ku zo ku ga aiki! Ko gumi bai yi ba!"

Da ka gama liƙe tub ɗin ka mayar, sai Lauwali ya gunguro tayar ya tsallako da ita har gaban Baffa, yana dariya, ya ce, "Baba Haladu, an gama aikin. Iska kawai za ka ɗan sa mana."

Baffa ya tashi ya ja igiyar injin iska, ya sa iskar, ya danna tayar da babban yatsa, ya miƙa masa. Daga nan ya rufe kwanon abincin ya ce in mayar gida, ba ya jin yunwa.

Yaya, tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa, da wannan rumfa Baffa ya riƙe mu. A can ka koyi riƙe liban cire taya. In ma kana son ka riƙa yin facinka da kanka, duk faɗin Roni ba ka ga wurin da za ka baje ƙarfen ba sai a gaban idonsa? Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu in na tuna sai in kasa karatu.

Kafin in taho Umma ta gaya mini Baffa ya ce ba zai je Babura, garin su Anti Ma'u da za ka aura, ba. Ka fi ni sanin mahaifin Anti Ma'u ya sa Asabar ɗin ƙarshen wata manyanka su je neman auren, ya kuma ce shi ba ya magana biyu. Ba mu da wani baffa sai shi. Idan bai je ba, wa zai je? Lauwali?

Anti Ma'u ce ta riƙe ni lokacin da na shigo makarantar nan ina kuka kullum. Ba ta san akwai wani ƙarfe a duniya ba, amma ita ce za ta sha kunya a gidansu. Don Allah ka rabu da shi, ka je ka ba Baffa haƙuri.

Ka gaishe da Umma. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Halima Sa'adiyya

*

Roni,
Laraba.

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Umma ta amsa gaisuwarki, ta ce a ba ki ƙuli-ƙulin da ke cikin ledar nan.

Na karanta huɗubarki. Ashe abin da ake koya muku ke nan a Kazaure, ki zauna a kan benci ki yanke wa yayanki hukunci? Kin taɓa tura babur a cikin yashi? Tun da kin girma har kina tambaya, to ki saurara, amma maganar nan ta tsaya tsakanina da ke.

Da daminar nan na ɗauko wata mata daga wani ƙauye bayan Gwiwa. Tana goye da yarinya, zazzaɓi ya kama ta har idonta yana juyewa. A ranar da safe Baffa ya yi mini facin tayar baya. Muna tsakiyar daji, ba gida gaba ba gida baya, sai na ji babur yana lilo. Iska ta fita tas. Matar ta sauka tana tafiya da ƙafa tana salati, ni ina tura babur a bayanta, na rasa bakin da zan ba ta haƙuri. Allah ya kawo wani mai amalanken shanu ya ɗauke su. Yarinyar ta rayu, amma ba don ni ba.

Da na dawo gida na cire tub ɗin na duba. Facin yana nan daram, ya kama da kyau, irin aikin Baffa. Amma hujin yana gefensa, tazarar yatsa guda. Ya liƙe inda babu huji. Na ce kuskure ne, kowa yana yi. Bayan sati biyu aka sake, a hanyar Kazaure. Sai na fara lura da shi. Idan ya tsoma tub a ruwa ba ya ganin kumfar, sai ya yi ta juya shi yana kusanto da fuskarsa. Idonsa ne, Sadiya. Yana tafiya.

To ki gaya mini, ke mai ilimi, ya zan yi? In kai tayata wurin wani mai faci, kafin la'asar duk Roni an ji ɗan Haladu ya gudu daga rumfar Haladu. In ce masa, "Baffa ba ka gani," da wane bakin? In ci gaba da kai masa, wata rana in kashe 'yar mutane a daji. Shi ya sa na je Kano na sayo ƙarfen. Ana naɗe shi ya shiga jaka, akwai ɗan famfon hannu, ga gam ga faci. Ni kaɗai a daji zan cire taya ba tare da na tsinke tub da liba ba. Tun da na saye shi ban sake kwana da fargaba ba, kuma ba zan rabu da shi ba, ko ke ko wani.

Na ranar kasuwa, na yarda, ban yi tunani ba. Lauwali ne ya dame ni sai ya ga yadda yake aiki. Ban aike shi wurin Baffa ba, bakinsa ne da ba ya rufuwa.

Zan je in ba da haƙurin wannan. Ke kuma ki kama karatunki.

Yayanki,
Musaddiƙ

*

Kazaure,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Yaya Musaddiƙ,

Assalamu alaikum. Na gode da ƙuli-ƙuli, Allah ya saka wa Umma da alheri.

Na karanta takardarka a bayan ɗakin kwananmu don kada a ga ina hawaye. Ban san haka abin yake ba. Ka yafe mini inda na zarge ka da rashin kunya.

Amma Yaya, har yanzu ban huce ba. Tun damina ka san idon Baffa ya samu matsala, kai ka sayi abin da zai fisshe ka, sauran mutanen da suke kai masa taya fa? Su ba sa ɗaukar mata da yara? Shi kuma fa, wa ya kai shi asibiti? Malamarmu ta kimiyya ta ce akwai yanar ido da ake cirewa mutum ya koma gani, musamman idan ba a bari ta daɗe ba. Kai ka yi shiru don kunya, shi yana can yana zaton ka raina sana'arsa, ido kuma yana ƙara lalacewa. Ni ban ga inda wannan shirun ya amfani kowa ba.

Jiya ƙanwar Anti Ma'u da ke aji biyu ta same ni a wurin ɗiban ruwa. Ta ce a gidansu an riga an gaya wa dangi, har gwaggonsu ta Achilafiya za ta zo ta kwana. Ta tambaye ni irin abincin da Baffa yake so. Na ce mata tuwon dawa da miyar kuka, na ɗauki bokitina na gudu.

Don Allah idan ka je ba da haƙurin ka gaya masa gaskiya duka. Ina jiran amsarka.

Ƙanwarka,
Halima Sa'adiyya

*

Roni,
Talata.

Sadiya,

Salam. Na je. Na durƙusa a rumfar, na ce Baffa na yi kuskure, a yafe mini. Yana goge wani tub, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Injiniya, ai ba ka yi komai ba. Iska kake so?" Na ce a'a, maganar Babura ce. Ya ce, "Wanda ya iya cire taya shi kaɗai, ai zai iya neman aure shi kaɗai. Ka ɗaura ƙarfen naka a baya ku tafi tare, shi zai yi maka magana."

Umma ta je da kanta, ya ce mata "to" kawai. Kin san "to" ɗin Baffa.

Maganar ido ba zan faɗa ba. Gara in rasa auren da in tsaya a gaban mutumin da ya rene ni in ce masa ya makance. Ke ma ban yarda ki buɗe baki ba. Kin ji ni ko?

Musaddiƙ

*

Kazaure,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Baffana, Malam Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Baffa gaisuwa ta ladabi, ina fatan Baffa yana lafiya, ya aiki, ya jama'ar rumfa. Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Baffa, ni ce Uwarka, mai sunan Hajiya. Ban taɓa rubuta maka takarda ba. Ina roƙon Baffa ya karanta wannan shi kaɗai, kada kowa ya gani. Yaya ya hana ni faɗa, zan saɓa masa, Allah ya yafe mini.

Yaya bai sayi ƙarfen nan don ya raina aikin Baffa ba. Da damina sau biyu facin da aka yi masa a rumfa ya sauka a gefen huji, ba a kan hujin ba. Na farkon yana ɗauke da mace da yarinya marar lafiya a dajin Gwiwa. Ya lura Baffa ba ya ganin kumfa idan ya tsoma tub a ruwa. Ya kasa faɗa, ya kuma ƙi kai tayarsa wurin wani don kada mutane su yi magana. Ƙarfen shi ne hanyar da ya ga ba za ta taɓa mutuncin Baffa ba, sai ga shi ta taɓa. Abin da ya yi ranar kasuwa bai kyauta ba, na gaya masa, shi ma ya yarda.

Amma Baffa, ka gafarce ni, abin da kake shirin yi shi ma bai dace ba. Anti Ma'u ba ta yi maka komai ba. Mahaifinta zai shimfiɗa tabarma, dangi su taru, a yi ta duban hanya har rana ta faɗi. Daga ranar ba za ta iya fita ƙofar gidansu ba. Idan Yaya ne ya yi laifi, a hukunta Yaya. Ka hana shi zama a rumfarka, ka daina amsa gaisuwarsa shekara guda in ka ga dama. Me ya sa sai 'yar mutane ce za ta ɗauki hukuncin?

Kai ka ce mana ranar da aka yi sadakar bakwai ɗin Baba, duk inda za a nemi uba a tsaya, kai za ka tsaya. Ina ƙarama amma na ji. Yanzu aka zo wurin tsayuwar.

Kuma ina roƙon Baffa ya yarda a kai shi asibiti a duba idon. An ce ana warkewa. Ba abin kunya ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo.

Idan na yi rashin kunya a yafe mini. Ban iya faɗin wannan da baki ba ko da za a yanka ni.

'Yarka mai biyayya,
Halima Sa'adiyya

*

Roni,
Litinin.

Halima,

Ba gaisuwa. Me na ce miki? Me na ce miki, don Allah?

Kin rubuta wa mutum cewa ba ya gani, kika ce ya karanta shi kaɗai. Da wane idon zai karanta? Duk ilimin naki bai kawo miki wannan ba? Inna Dela ta miƙa masa takardar a rumfa da hantsi, ya jujjuya ta, ya kira Malam Nafi'u mai shagon magani ya ce ya karanta masa, wai Uwarsa ce ta aiko da gaisuwa daga makaranta. Yana murmushi fa. Akwai mutane a kan benci suna jiran faci, har da Lauwali.

Kin san Malam Nafi'u da murya, kamar mai sanarwa a masallaci. Ya wuce "kada kowa ya gani" bai tsaya ba, sai da ya kai "ba ya ganin kumfa" sannan ya yi tari ya ce, "Malam Haladu, ko mu shiga ciki?" Baffa ya ce, "Ƙarasa. Ai an riga an ji." Haka aka karanta ta har ƙarshe a gaban jama'a. Wani mai babur da aka riga aka cire wa taya ya ce wai ya tuna ana jiransa, ya ɗauki tub ɗinsa a hannu ya tafi. Lauwali da kansa ya zo ya gaya mini, wannan karon ko dariya bai yi ba.

Baffa ya kashe injin, ya kulle kayan aiki da rana tsaka, ya tafi gida. Yau kwana na uku rumfar a rufe. Na je ƙofar gidansa an ce yana ciki, bai fito ba. Umma ta yi kuka, ta ce ita ba ta haifi 'yar da za ta tona asirin uba a kasuwa ba.

Abin da na ɓoye tun damina, na tura babur a kansa, na sha zagi a kansa, ke kin watsa shi da biro ɗaya. Asabar ta kusa, ni ban san abin da zan aika a gaya wa mutanen Babura ba. Ki zauna da gaskiyarki, ta ishe ki.

Musaddiƙ

*

Kazaure,
Ranar Talata.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban yi tunanin wanda zai karanta masa ba. Wannan wautata ce, kuma tun jiya ban iya cin abinci ba. Ka ba Umma haƙuri, ka ce ina durƙushe.

Amma ba zan ce na yi nadamar faɗa masa ba. Na yi nadamar yadda ya ji ne. Da kai ka faɗa masa a cikin ɗaki tun damina, da ba a kai ga Malam Nafi'u ba.

Na nemi izinin zuwa gida an hana ni. Duk abin da Baffa ya ce a yi mini, na yarda.

Ƙanwarka,
Halima Sa'adiyya

*

Roni,
Alhamis.

Uwata,

Wa alaikumus salam. Nafi'u ne yake rubutawa, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, tun da shi ya riga ya ji komai, shi da rabin gari.

Idona na fi ku sanin halin da yake ciki. Ba sai an aiko mini da labarinsa daga Kazaure ba. Labarin matar nan da 'yarta ne ban sani ba, shi ne ya zaunar da ni a gida.

Ba na magana da yayanki tukuna, don haka ke ki aika masa. Jibi ya zo da babur bayan sallar asuba, ya wanke shi. Ya ɗauro ƙarfen nasa, hanyar Babura akwai ƙaya, ni kuma ba zan tura babur da babbar riga ba. A hanya kada ya yi mini hira. Maganar asibiti sai mun dawo.

Ke kuma ban gama da ke ba. Idan an yi hutu ki zo rumfa ki zauna a kan bencin nan, ki maimaita mini duk abin da kika rubuta da bakinki, ina kallonki.

Allah ya yi miki albarka. Ki ci abinci.

Baffanki,
Haladu